Ɓarawon da Ya Wanke Takalminsa

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin aka farga an yi sata a cibiyar binciken hatsi da ke hayin kogi, a Yamai. Ba a taɓa kwamfuta ba, ba a taɓa madubin duba ƙwayoyi ba. Tukwanen roba ashirin da huɗu ne suka yi ɓatan dabo daga rumfar gwaji, da ƙasarsu, da hatsin da ke tsaye a cikinsu, da lambobinsu.

Kafin Malam Harouna ya jingine kekensa, ma'aikata sun fi goma a ƙofar rumfar, kowa na leƙe, kowa na tattake ƙasa.

"Ku tsaya inda kuke!" ya daka musu tsawa. "Haba jama'a! Ɓarawo ya bar mini wasiƙa a ƙasa, ku kun zo kuna rawa a kanta."

Shekara ashirin da biyu Malam Harouna ya yi yana bin sawun shanun sata a ƙasar Adar, kafin gwiwa ta ce ta gaji, ya dawo Yamai yana kula da gonakin gwaji na cibiyar. Har yanzu in aka gaishe shi, ƙafa yake fara kallo kafin fuska.

Mota ta tsaya da ƙarfi. Farfesa Lawali ya fito, babbar riga na jan ƙasa. Jiya da yamma ya sauko daga wani taro a ƙasar waje, na uku a cikin wata biyu. Shi ne shugaban labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, kuma shi ne ya fitar da irin hatsin nan da manoma suka laƙaba wa Gagara-Ƙuduji. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya ya san ƙuduji: ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa saiwar hatsi a ƙarƙashin ƙasa, tana tsotse shi har ya ƙanjame. A kan cewa irin Farfesa ba ya yarda da ita aka ba shi lambar yabo, a kan haka ake gayyatarsa taro.

"Ina Nafissa?"

Ta matso, idanunta sun yi ja. Ƴar Maradi ce. Shekararta huɗu tana aikin digirin dokta a ƙarƙashinsa, tukwanen nan kuwa su ne gwajinta na ƙarshe. Ranar Alhamis kwamiti zai zo ya duba su da ido, ya ce ta cancanci kare kundinta ko ba ta cancanta ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Ƙasimu, Malam."

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Ƙasimu, ɗayan ɗalibin, dogo kamar turken wuta, yana tsaye a baya da tarin takardu a hammata. Babu wanda ya manta ranar Juma'a, da shi da Nafissa suka yi cacar baki a kan tiyon ban ruwa, har ya ce Allah ya kawo akuyar da za ta cinye hatsin nata kowa ya huta.

"Malam, wallahi wasa ne—"

"Wasa? To ni ma zan yi nawa wasan." Farfesa ya nuna shi da makullin mota. "Jibi Laraba, ƙarfe goma, ko tukwane ko takardar kora. Daga nan kuma sai komisariya, wajen ƴan sanda. Harouna, ana ta ba ni labarin kai gwani ne. Ga fili ga mai doki."

* * *

Dokar rumfar ce ta ceci abin da ya rage. Ƙwayar ƙuduji ta fi garin tuwo laushi, in ta bi tafin takalmi ta fita, gona guda ta lalace. Don haka ba mai shiga sai ya cire takalminsa ya sa dogon na roba na labo, ba mai fita sai ya taka tiren ruwan jabel mai kashe ƙwayoyi da ke bakin ƙofa. Tsoron wannan doka ya tsayar da ƴan kallo a waje.

Malam Harouna ya shiga shi kaɗai, ya tsuguna.

Raga mai ƙananan ido ta raba rumfar biyu, daga ƙasa har rufi. A hagu, hatsin gida na manoma, a ƙanjame, ƙuduji ya yi masa jan kwalliya. A dama, gurbin Gagara-Ƙuduji: da'ira ashirin da huɗu a kan yashi, babu tukunya ko ɗaya.

Yashin ya ba shi labari. Baro ne aka yi aikin da shi, sahu shida, tukwane huɗu-huɗu. Mai turawar yana ajiyewa ya huta duk taku goma. Takalmin labo ne a ƙafarsa, amma ya yi masa yawa, dunduniya na jan ƙasa. A bakin ƙofa kuma ga abin da ya sa tsohon ya dafe haɓa: sau shida aka fita, sau shida aka taka jabel. Har tayar baron an wanke.

"Ikon Allah," ya ce a ransa. "Na bi ɓarayi har iyakar Mali, ban taɓa ganin mai alwala kafin ya gudu ba."

A gurbin tukunya ta tara ya ga wani ɗan abu, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Fure ne, ja mai ratsin fari, ya fara yaushi. Ya dubi ragar, ya shafa ta daga sama har ƙasa. Ba huda. Ya naɗe furen a takardar goronsa, ya jefa aljihu.

Da ya fito don ya bi sawun tayar, sai ya tarar da fili fes, an share shi har da zanen tsintsiya.

* * *

"Oumarou! Wa ya ce ka yi shara?"

Mai gadin, Bazabarme ne mai fara'a, yana fifita gawayin shayi. "Fofo, Malam Harouna. Ai Patron Farfesa ne ya bugo tun jiya, ya ce ranar Alhamis akwai baƙi, kada ya ga ko kara. Tun ƙarfe shida nake shara. Har ruwa na yayyafa."

"Har ruwa. Madalla. Allah ya yi maka albarka, ka kashe ni."

"Amin. Ka sha shayi?"

"Ina akuyarka ta kwana?"

Oumarou ya ajiye mafici. "A'a, a'a! Kada a shafa wa baiwar Allah. Ita dai ganye take ci. Ka taɓa ganin akuya ta haɗiye tukunya?"

"Jiya Lahadi wa ya shigo?"

"Ƙasimu, da motonsa, wajen goma na safe. Ya fita bayan azahar."

"Da kaya?"

"Jakar baya kawai."

"Nafissa fa?"

"Ita ai kullum tana nan. Ko ranar Salla ta zo ban ruwa. Ba na ma ƙirga ta cikin masu shigowa."

"Mota ta fita? Amalanke? Baro?"

"Ko ƙwaro. Ni na riƙe ƙofa, sai ɗan lokacin da na tafi cin dambu, shi ma na kulle."

Malam Harouna ya dubi katangar. Ta fi mutum biyu tsawo, ga fasassun kwalabe a kanta. To tukwanen ba su fita ba ke nan. Amma cibiyar eka takwas ce, da rumbuna, da ɗakunan ajiya, da tsofaffin gine-ginen da ba wanda ya san makullinsu.

* * *

Ya tarar da Ƙasimu a gindin bishiyar dogon yaro, da jan biro a hannu, yana gyaran takardun jarrabawa.

"Ana shirin korarka, kai kana gyaran takardu?"

"Na Malam ne, Baba. Ɗari uku da goma. In ban gama ba, laifi biyu ke nan."

"Mi ya kawo ka jiya?"

Ƙasimu ya yi dariyar takaici. "Aikina. Kundina. Litinin da Talata ina gyaran takardun ɗaliban Malam. Laraba ina koyar da darasinsa. Kullum ƙarfe goma sha biyu da rabi ina ɗauko yaransa daga lakwal. Juma'a in kai motarsa gareji. Ranar Lahadi kaɗai nake ɗalibi, shi ma a ɓoye, don ya ce ba a kunna na'ura in ba ya nan. To yaushe yake nan? Shekarata biyar, Baba. Abokin karatuna da ya tafi Dakar har ya dawo ana ce masa dokta, ya yi tumbi."

"Miƙo ƙafarka."

"Na'am?"

"Ƙafa na ce."

Ƙasimu ya miƙo. Malam Harouna ya auna da tafin hannu, ya ƙara da yatsu huɗu. Ƙafa ce kamar faranti. Takalmin labo mafi girma ma sai ya matse ta.

Nan take Malam Harouna ya nufi biro ɗin Farfesa, wato ofishinsa. Ya same shi da waya a kunne, wata kuma tana ƙara a kan tebur.

"Malam, ba yaron nan ba ne. Sawun—"

"Ka samo tukwanen?"

"Tukuna. Amma ƙafar—"

"Harouna, tukwane na ce ka kawo mini, ba ƙafa ba. Alo? Alo, ina jin ka."

Ya fito yana taunar goro kamar da shi suke faɗa.

* * *

Nafissa na zaune a labo, gaban kwamfuta, allon ya daɗe da yin baƙi ba ta lura ba.

"Ɗiyata, yaushe rabonki da tukwanen?"

"Jiya da safe, Baba. Na ba su ruwa."

"Lafiya lau suke?"

Ta dubi taga. "Suna raye."

"Wa kike zargi?"

"Ba Ƙasimu ba ne." Ta faɗa da sauri. "Baba, don Allah ka gaya wa Malam. Bakinsa ne kawai, amma ba zai aikata ba."

"Kin tabbata ƙwarai."

"Na san halinsa."

"In ba a same su ba, mi zai faru da ke?"

"Wataƙila kwamiti ya ƙara mini wata shida. An taɓa yi wa wani da gobara ta cinye masa samfur."

Malam Harouna ya gyaɗa kai. Ya sha zama da mutanen da aka kore wa garke. Kafin ka zauna sun tambaye ka sau uku, za a same su kuwa? Yarinyar nan ba ta tambaya ba ko sau ɗaya. Sau biyu dai ya ga ta dubi taga, inda rana ke dukan ƙasa kamar da gayya, sannan ta dubi agogo.

Ya sauke ido. Ƙafarta ƴar ƙarama ce, a cikin silifa.

Amma mutum ya saci abinsa? Ya rusa shekara huɗu da hannunsa, kwana huɗu kafin a ba shi abin da ya zo nema? Ya shafa aljihun da furen yake. Sai wata tsohuwar hayaniya ta faɗo masa a rai, shekara shida baya, ƙofar biro a rufe, muryar Farfesa na tashi, wani ɗalibi ya fito da littafin aiki a hannu.

* * *

Ranar Talata da safe ya tsallaka gada, ya tsaya a unguwar Kalley kusa da Babbar Kasuwa. Taksi huɗu ya bari suka wuce. Ta biyar, mai tsagaggen gilashi, ita ya tare.

"Yantala," ya ce, ya shiga gaba.

Direban ya juyo, ya ƙura masa ido. "Baba Harouna? Kai ne da kanka? An kore ka kai ma?"

"Saura kaɗan. Hasan, ina kwana, ina iyali?"

Hasan ya taɓa zama ɗalibin da ya fi kowa ƙwaƙwalwa a labo. Yanzu ga shi da tsumma a wuya, yana zagin mai moto da ya gifta masa. Malam Harouna ya warware takardar goro, ya ɗora a kan gwiwarsa. Hasan ya kalla sau ɗaya, ya mai da ido kan hanya.

"A wane ɓangare ka tsinta?"

"Dama."

Hasan ya yi wata dariya marar daɗi, ya doki sitiyari. "Ya sake fitowa ke nan! Baba, ni biyu na gani. Fure biyu, a jikin Gagara-Ƙuduji. Na ɗauki littafina da murna, ina cewa na gano abu. Ko buɗewa Malam bai yi ba. Ya ce, irina ba ya ƙarya, hannunka ne da datti, je ka sake. Na sake, suka fito biyar. Ya ce in sake. Shekara biyu ina sakewa. Da lokacin sabunta rajista ya zo, sai biro ɗinsa ya ƙi rubutu. Yau gobe, yau gobe, har wa'adi ya wuce. Bai taɓa cewa ya kore ni ba, ka gane? Kawai dai na waiga na ga ba ni ciki."

"Ba ka kai ƙara ba?"

"Wajen wa? Duk wanda zan gaya wa, ko ɗalibinsa ne ko abokin cin tuwonsa. Kuma tsohona da kansa ya ce mini, kai wane ne da za ka ce malaminka ya yi kuskure?" Ya taka birki, wata mata ta shiga baya da kwandon kifi. "Ina za ki, Hajiya? To, mu je."

Suka kama hanyar Yantala.

"Wata yarinya ta tare ni kamar yadda ka tare ni," in ji Hasan. "Wata biyu ke nan. Ƴar Maradi. Ta ce, da za a mai da kai baya, me za ka yi?"

"Ka ce mi?"

"Na gaya mata gaskiya. Na ce da na tumɓuke furen na jefa a masai, na rubuta sifiri a littafi. Da yanzu Dokta Hasan nake, ina bayan mota, wani na ja na."

Malam Harouna ya naɗe takardarsa a hankali. "Ita ba ta tumɓuke ba."

"To Allah ya ba ta lasin tuƙi mai albarka. Akwai wuri a layinmu."

Kafin ya sauka, ya sa Hasan ya rubuta masa lambar wayarsa a bayan wani tsohon tikiti.

* * *

Ya dawo cibiyar da la'asar, zafi na tashi daga ƙasa kamar bakin tanda. Ya bar neman sawun taya. Wanda ya wanke takalmi sau shida ba zai bar hatsi ya mutu da ƙishi a watan Afrilu ba. Ruwa zai bi.

Ya zagaya famfunan cibiyar ɗaya bayan ɗaya. Na gaban labo a jiƙe, wannan ba labari ba ne. Na wajen rumbuna a bushe, har gizo-gizo ya yi saƙa. Yana tsaye yana share gumi sai zanzaro ya gifta ta gaban hancinsa da ɗan curin laka a baki. Wani ya biyo shi. Laka, a wannan wata, a wannan gefen da ba a noma komai?

Ya bi inda suke fitowa. Bayan tsohon ɗakin janareto, wanda iska ta yaye wa rufi shekara uku da suka wuce, akwai wani famfo da kowa ya manta da shi. Ƙasansa a jiƙe. Ga zoben gindin bokiti, sabo, ga ƴan ƙananan sawun silifa suna zuwa suna dawowa. A bakin ƙofar ɗakin, an ajiye murfin durom cike da ruwa. Ya sunkuya ya shinshina. Jabel.

Ya taka, ya tura ƙofar.

Ga su nan a jere bisa lamba, daga ɗaya har ashirin da huɗu, rana na sauka a kansu ta inda rufi ya tafi. A gindin hatsin, ƙuduji ya tsaya ƙyam. Kowane kan fure an rufe shi da ƴar ambulan ta takarda, an ɗaure da zare, don kada ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa.

Malam Harouna ya daɗe a tsaye. Ya sha kama ɓarawo ya ji daɗi. Yau ya kama, ransa kuma sai ƙuna yake.

* * *

Laraba, ƙarfe goma. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, biro ɗin Farfesa ya zama gidan wanka. Oumarou na tsugune a bakin ƙofa, Ƙasimu na tsaye da rigar da ya kwana biyu a ciki, Nafissa na gefe ta sunkuyar da kai. Takardar kora na kan tebur, saura sa hannu.

"Bon. Harouna, minti biyar gare ka. Ina da taro."

"Sun isa, Malam. Oumarou dai laifinsa tsafta, akuyarsa kuma ba ta tura baro. Ƙasimu, in ya sa takalmin labo, yatsunsa ke kuka, wanda ya yi aikin nan kuwa iyo ƙafarsa ke yi a ciki. Kuma da Ƙasimu ne, sahu uku zai yi, ba shida ba."

"To wane ne?"

"Ɓarawon da ya fi mu duka kiyaye dokarka. Ya fita sau shida, ya wanke takalmi sau shida. Mai ƙeta ba ya haka. Na tambayi kaina, mi zai sa mutum ya ɓoye abin da yake ƙauna? Sai ƙasa ta ba ni amsa."

Ya warware takardar goro a kan tebur, daidai saman takardar kora.

Farfesa ya leƙa. "Furen ƙuduji. Rumfar cike take da shi."

"A hagu. Wannan a dama na tsince shi, gurbin tukunya ta tara."

"Iska ce."

"Ragar ba ta da huda, na shafa ta da hannuna."

"To hannun wani ne da datti!" Farfesa ya buga tebur. "Irina ba ya—"

"Sau uku na sake, Malam."

Nafissa ce. Ta miƙe tsaye.

"Sau uku. Na canza ƙasa, na canza tukwane, na karɓo iri daga cikin firjinka da kai ka sa wa hannu. Duk sau ukun ƙuduji ya fito. Ni na kwashe tukwanen ranar Lahadi, bayan Ƙasimu ya tafi."

Ƙasimu ya juyo da baki buɗe. "Ke? Ke! Kwana biyu ko mai shara ba ya amsa gaisuwata. Tsohuwata na can Zinder tana kuka a waya!"

"Ka yafe mini. Wallahi ban zaci za a ce kai ne ba. Da Malam ya ɗauki biro zai sa hannu, da na yi magana."

"Da ya ɗauka! Sannu da ƙoƙari!"

"Shiru!" Farfesa ya miƙe. "Ke, don me ba ki zo kin gaya mini ba? Ni dodo ne?"

Oumarou ya dubi silin.

"Sau biyar na nemi ganinka, Malam. Biyu kana tafiya, biyu kana taro, ɗaya ka ce in bi ka zuwa mota, kafin in buɗe baki waya ta shigo. Sai na rubuta. Babi na uku, shafi na arba'in da ɗaya. Tun watan Janairu yake wurinka."

"Ban gan shi ba."

"Ga shi nan, Malam. Ƙarƙashin kofin."

Duk suka kalla. Kofin shayin Farfesa na zaune a kan wani kundi mai shuɗin bango, ya yi masa zobba sun fi goma, wani kan wani.

"Gobe za ka shiga rumfa da baƙi," ta ci gaba, "kana gaba suna biye, ka nuna musu irinka, su ga abin da na gani. A gaban mutane. Na san abin da zai biyo baya, kowa a nan ya san labarin Hasan. Sai na lissafa: wadda aka yi wa sata ana ƙara mata wata shida. Wadda ta ƙaryata malaminta kuwa, ba a ƙara mata komai."

"Da kin tumɓuke su mana," in ji Ƙasimu da ɗaci. "Wa zai sani?"

"Manoman da za su shuka shi bana."

Farfesa ya janye kofin. Ya buɗe kundin, ya lashi yatsa, ya yi ta juyawa har shafi na arba'in da ɗaya. Ya karanta a tsaye. Wayarsa ta yi ƙara har ta gaji. Ta sake, ya kife ta.

"Ina suke?"

* * *

A ƙofar ɗakin janareto Farfesa ya yi niyyar wucewa kai tsaye. Malam Harouna ya tare shi da hannu, ya nuna murfin durom.

"Doka, Malam."

Farfesa ya harare shi, ya dubi takalminsa na fata mai ƙyalli, ya taka jabel ɗin.

Ya bi layin a hankali. A tukunya ta tara ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, abin da Malam Harouna bai gani ba tun shekarun da Farfesa ke zuwa aiki a kan moto. Ya tona gindin hatsin da yatsa har ya ga inda ƙudujin ya kama saiwa. Ya daɗe yana kallo.

"Daga ina kika samo ƙwayar?"

"Gonakin kudancin Maradi, Malam. Inda aka fi shekara goma ana shuka irin. Can Hasan ma ya ɗebo tasa."

"Ta Tahoua fa?"

"Ita har yanzu ba ta kama shi."

"Ƙudujin ya koyi irin ke nan," ya faɗa a hankali, kamar da tukunyar yake magana. "Shekara goma muna ba shi darasi ɗaya, ya haddace." Ya ɗago a fusace. "Ke kuma sakarya, kin san abin da ke hannunki? Wannan ya fi duk abin da na sa ki nema. Shi kika kawo ɗakin janareto kika ɓoye kamar kayan maye?"

"Ka yi haƙuri, Malam."

"Ba zan yi ba. Bayan kwamiti za ki ji hukuncinki. Ba ni takarda."

Babu mai takarda. Ya laluba aljihu, ya zaro wadda ya taho da ita ba da saninsa ba, takardar korar Ƙasimu. Ya dube ta, ya juya bayanta, ya ɗora a gwiwa, ya ja layi.

"Tukunya ta ɗaya, nawa?"

"Uku, Malam."

"Ta biyu?"

"Babu."

"Ƙasimu, me kake yi tsaye kamar sanda? Ɗauko ma'auni."

Ƙasimu ya dubi agogo. "Malam, sha biyu ta wuce. Yara."

"Uwarsu na da mota. Ma'auni na ce!"

Ƙasimu ya fita da gudu, ya manta, ya dawo ya taka jabel, ya nuna Nafissa da yatsa. "Ni da ke ba mu gama ba. Takardu ɗari da tamanin suka rage, rabi naki ne."

Tukunya goma sha bakwai cikin ashirin da huɗu ƙuduji ya kama. Da suka kai ƙarshe rigar Farfesa ta jiƙe sharkaf, gwiwoyinta sun yi jar ƙasa. Bai ce wa kowa ya yi kuskure ba, Malam Harouna kuma bai sa rai ba. Ya dai jira har ya miƙe, sannan ya miƙa masa tsohon tikitin nan.

"Wannan fa?"

"Lambar Hasan. Littafinsa na nan a wurinsa, in bai naɗe ƙosai da shi ba. Shi ya riga kowa ganin sawun."

Farfesa ya daɗe yana kallon lambar. "Ka ce ya zo biro ya same ni. Alhamis. A'a, Alhamis akwai baƙi. Wani satin."

Malam Harouna ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki, ya taka jabel ya fita. Daga bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ba zai zo ba, Malam, yana aiki. Taksi yake ja tsakanin Kalley da Yantala. In ka tsaya bakin hanya ka ɗaga hannu kamar kowa, wataƙila ya tsaya."